Wai Da Gaske Rana Na Iya Raba Ruwa?

Tambaya: Malam, wai da gaske ana iya ciro iskar haidirojin daga ruwa da hasken rana kawai? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa 'yata, tun 1972 masana kimiyya Fujishima da Honda suka nuna a Japan cewa haske na iya raba ruwa da titaniyam dayoksaid, farin sinadarin nan da ake zubawa a fenti. Semikondakta ne, wato abin da lantarki ke ratsa shi kaɗan-kaɗan, haske na bugunsa sai ilektron, ƙananan ƙwayoyin lantarkin da ke cikinsa, su zabura su raba ruwa, oksijin gefe haidirojin gefe, to amma fa hasken UV, wanda ido ba ya gani, shi kaɗai yake sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa ake gwada hematayit, ɗan uwan tsatsar ƙarfe, ga araha ga shan haske, sai dai ilektron ɗinsa saurin komawa mazauninsu suke yi tun ba su tsinana komai ba.