Yaran shagona suna cewa "to", amma ɗinki na fitowa ba daidai ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinkin mata a Zariya, da teloli huɗu da masu koyo uku. Damuwata ita ce, ina yi musu bayanin aiki su ce "to Hajiya", amma idan ɗinki ya fito sai in ga ba abin da na faɗa aka yi ba. A ƙaramar sallar da ta wuce an yanka wa wata kwastoma leshinta riga da siket, alhali doguwar riga ta ce, sai da na biya ta kuɗin leshin. Abin da ya fi ƙona min rai, telan da ya yi ɓarnar ya gano tun da wuri, amma ya ja bakinsa ya yi shiru har ranar jajibere. Na yi faɗa har na gaji. Shin in sallame shi ne, ko akwai abin da ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alherin abin da kika rasa. Ki ɗan dakata da maganar sallama tukuna, domin a yadda kika kawo bayanin, ko kin kawo sabon tela gobe, wannan ɓarnar za ta sake faruwa. Matsala biyu ce ta haɗe miki. Ta farko, saƙo yana lalacewa a hanya kafin ya isa ga mai riƙe da almakashi. Ta biyu, labari mara daɗi ba ya iso miki sai lokaci ya ƙure. Faɗa ba ya gyara ta farko, ita kuwa ta biyun ƙara mata ƙarfi yake yi.

Mu bi sawun saƙo ɗaya mu gani. Kwastoma ta turo miki saƙon murya na minti uku. A cikinsa akwai gaisuwa, akwai labarin bikin ƙanwarta, akwai bayanin ɗinki, a tsakiya kuma ta ce "a'a, bari dai a yi min doguwa kawai". Kin saurara kina kan hanya. Kin iso shago janareto na ruri, kekuna na gudu, kika faɗa wa babban tela a tsaye. Shi ma bayan azahar ya faɗa wa wanda zai yi yanka. Baki uku kenan maganar ta bi, ba a rubuta ko kalma ɗaya ba, kuma a cikin azumi, kowa da yunwa da rashin barci. Babu wanda ya yi niyyar cuta a cikinsu, amma leshi ya tafi.

Sai maganar "to Hajiya". Yaron da ya tashi a gidan tarbiyya ba ya iya kallon babba ya ce "ban gane ba, sake faɗa". Yana ganin hakan rashin kunya ne, ko kuma tsoron kada a ce ba shi da kai. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na son a rushe ta, amma ki sani amsar da yake ba ki ladabi ce, ba shaidar fahimta ba ce. Don haka ki daina tambayar "ka gane?", domin amsarta a kullum "e" ce. Ki koma cewa, "Malam, faɗa min yadda za ka yi shi." Shi kuma ya mayar miki: doguwar riga, tsawo 58, dogon hannu, zif a baya, karɓa ranar Laraba. Idan ya ce riga da siket, kin kama kuskuren tun yadi yana nan lafiya lau. Da farko za su ji kamar jarrabawa kike musu. Maganin haka shi ne ki fara da kanki: duk wanda ya kawo miki saƙo, ki maimaita masa abin da kika ji a gaban kowa. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya yi magana yakan maimaita ta sau uku domin a fahimce ta. Maimaici ba raini ba ne.

Da jini masu harkar jiragen sama suka koyi wannan darasi. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747, ɗaya na kamfanin KLM ɗaya na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba, ɗaya jirgin kuma yana kan titin. Injiniyan da ke zaune a bayan matuƙin ya tambaya ko wancan jirgin ya kauce, matuƙin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya kauce, injiniyan bai ƙara magana ba. Matuƙin nan babba ne, shi ke horar da sauran matuƙa a kamfanin. Bayan wannan hatsari aka tsaurara amfani da ƙayyadaddun kalmomi tsakanin matuƙa da masu ba su umarni daga hasumiyar filin jirgi, aka kuma shiga horar da ma'aikatan jirgi yadda na ƙasa zai iya tsayar da na sama idan ya hango haɗari. Ki lura, matsalolinki biyun nan ne suka haɗu a can: maganar da aka fahimta a baibai, da ƙarami da ya kasa nanata wa babba.

Bayan maimaici sai rubutu, kuma a nan ba na sassautawa. Ki kafa doka cewa almakashi ba ya taɓa yadin kowa sai da takarda a jikinsa. Ki sayi babban littafi, kowane ɗinki da lambarsa. A rubuta sunan mai kaya da lambar wayarta, awonta, irin ɗinkin, kafin alƙalamin da ta bayar, cikon da ya rage, da ranar karɓa. A yanko ɗan ƙyalle daga bakin yadin a maƙala a shafin, sannan a rubuta lambar a wata 'yar takarda a soke ta da fil a jikin yadin. Idan a cikin yaranki akwai wanda bokonsa bai yi ƙarfi ba, a rubuta masa da ajami, ko a zana siffar rigar, ko a nuna masa hoto. Kafin kwastoma ta tashi, a karanta mata abin da aka rubuta. Idan ta waya ta yi oda, ki ɗauki hoton shafin ki tura mata, kada a yi yanka sai ta amsa cewa haka ne. Wasu za su ce, "Haba Hajiya, ba ki yarda da ni ba ne?" Ki tuna musu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, kuma ta yi gargaɗi kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Kayan mutane da ke hannunki amana ce, kuɗin da suka bayar kafin a gama aiki ma haka.

Game da waya, shago ya samu lambarsa guda. WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, kyauta ne, kuma yana ba ki damar yi wa kowace hira alama, kamar "an karɓa", "ana ɗinki", "an gama", "saura ciko". Abin da ya fi alamar muhimmanci shi ne kada kwastoma ta riƙa kiran tela kai tsaye tana canza ɗinki a bayan idonki. Duk wani canji ya bi ta baki ɗaya, naki ko na wanda kika wakilta, kuma ya shiga littafi a ranar. Idan kina da zauren WhatsApp na ma'aikata, ki bar shi na aiki zalla.

Yanzu ga wadda ta fi ƙona miki rai. Ki shiga zuciyar telan nan a daren da ya gano ya yanka leshin ba daidai ba. Lissafi ya yi. Idan ya faɗa yanzu, ya san tabbas za a yi masa tas a gaban yaran da yake koya wa aiki, wataƙila a zaftare kuɗinsa. Idan ya yi shiru, akwai ɗan tsammanin mai kayan ta karɓa haka, ko ya samu dabarar gyarawa. Ya zaɓi shiru. Ban ce ya kyauta ba, bai kyauta ba ko kaɗan. Amma ki duba abin da shirun ya jawo: da ya faɗa a ranar, da an shiga kasuwar Sabon Gari an nemi irin leshin, in ba a samu ba a aika Kantin Kwari a Kano, ko a kira mai shi a ba ta haƙuri tun tana da sararin yin wani tanadi. Asarar da kika yi, rabinta ta kuskure ce, rabinta ta jinkirin labari.

Kamfanin Toyota na Japan ya yi suna da wata igiya da ke rataye a layin haɗa motoci. Duk ma'aikacin da ya ga matsala, komai ƙanƙantar matsayinsa, yana da ikon jan ta, shugaban sashe ya zo ya duba, in ta kama a tsayar da layin. Sun gane cewa gyara kuskure a inda ya faru ya fi arha a kan gyara shi bayan mota ta fita. Ke ma kina buƙatar irin wannan a shagonki, kuma ba ya cin ko sisi. Ki tara su ki ce: daga yau, duk wanda ya yi kuskure ya faɗa min kafin a tashi aiki a ranar, shago ne zai ɗauki nauyin gyara, ba zagi, ba yankan kuɗi. Wanda ya ɓoye har na gano da kaina, shi zai biya. Sai dai ki sani ba za su yarda da maganar ba sai sun gwada ki. Ranar da wani ya fara zuwa yana sunkuyar da kai ya ce ya ƙona atamfa da dutsen guga, duk shagon kunne zai kasa. Idan kika ce, "Na gode da ka faɗa da wuri, kawo mu gani," kin buɗe ƙofar. Idan kika daka masa tsawa, kin rufe ta, kuma za a daɗe ba ta sake buɗuwa ba.

Wannan ba ya nufin ba za ki yi gyara ba. Za ki yi, amma a keɓe, bayan zuciya ta huce, kuma a kan aikin za ki yi magana. "Wuyan nan ya fi awo da inci ɗaya, me ya faru?" magana ce da za a iya amsawa. "Kai kullum ba ka da hankali" ba ta da amsa sai ƙullaci. Wataƙila a cikin telolinki akwai wanda ya girme ki ko yake da iyali. Irin wannan, kunyata shi a gaban masu koyo yana zubar masa da girman da yake buƙata don su ji maganarsa, kuma ke ce za ki yi asara. Yabo kuwa ki yi shi a bainar jama'a, ki faɗi takamaiman abin da ya burge ki.

Ki kuma ware minti goma kowace safiya kafin a tayar da kekuna. Allo a bango, a rubuta lambobin ɗinkin da za a karɓa a makon da sunan mai kowanne. Kowa ya faɗi abin da ke hannunsa da abin da ya tsaya masa: zare ya ƙare, keke na tsallake, mai kaya ba ta kawo shafi ba. Ki fara da mafi ƙanƙanta a cikinsu, domin idan babban tela ya riga ya ce komai lafiya, babu mai koyon da zai buɗe baki ya ce ba haka ba.

Su ma kwastomomi suna da haƙƙin jin gaskiya da wuri. Yawancin rigimar ɗinkin sallah daga "in sha Allahu za ki samu" take farawa, alhali mai faɗa ya san kayan da ya karɓa sun fi ƙarfin shagon. Ki yi lissafi a sarari. A misali, in telolinki huɗu kowa na gama kaya biyu a rana, takwas kenan, a kwana 20 kuwa 160. Ki rage wani abu saboda ɗaukewar wuta da rashin lafiya, abin da ya saura shi ne iyakarki. Da kin kai, ki sanar an rufe karɓa. Idan kuma kin hango wani ɗinki ba zai samu ba, ke za ki fara kira: "Hajiya, na yi miki alkawarin Laraba, ba zai yiwu ba sai Juma'a da yamma. In hakan bai yi miki ba, kayanki suna nan ba a taɓa ba." Za ta ji haushi, amma ba irin haushin wadda ta zo ranar jajibere ta tarar da yadinta a ninke ba.

A taƙaice kuma, ki duba ko kowa ya san sharuɗɗan aikinsa: nawa ake biya a kan kowane ɗinki, yaushe, wa ke da alhakin yanka, wa ke duba kaya kafin a miƙa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta tanadi a bai wa ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Shafi ɗaya ya isa.

Shi kuma telan, ki kira shi shi kaɗai bayan an tashi. Ki tambaye shi abu biyu: wa ya ba shi bayanin leshin, da wace kalma, sannan me ya hana shi faɗa da ya gano. Ki bar shi ya gama ba tare da kin katse shi ba, domin a amsarsa za ki ga daidai inda saƙon ya karkace. Daga nan ki faɗa masa sabuwar dokar, ki ba shi daga yanzu zuwa babbar sallah. Idan takarda na jikin yadi, ya maimaita miki da bakinsa, ƙofar faɗin kuskure a buɗe, amma duk da haka ya sake ɓoye miki ɓarna, to a lokacin laifin nasa ne shi kaɗai. Ki biya shi haƙƙinsa cif, ku rabu cikin mutunci. Allah ya sa wa shagon albarka.