Tambaya da Amsa: Darasin Zama Ɗan Ƙasa Ɓata Lokaci Ne?

Tambaya: Malam, ana koya wa ɗana ilimin zama ɗan ƙasa a makaranta, alhali lissafi da kimiyya ne za su ba shi abin yi. Mene ne amfaninsa?

Amsa: Malam, ɗan naka zai kaɗa ƙuri'a wata rana, kuma wanda bai san cewa majalisa ce ke yin doka da amincewa da kasafin kuɗi, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu kuma ta warware saɓani ba, da wuya ya san wanda zai tuhuma idan asibiti ya rasa magani. Jamus ta ga yadda dimokuraɗiyyarta ta rushe a 1933, shi ya sa Jamus ta Yamma ta kafa hukumar wayar da kan 'yan ƙasa a 1952.

Sai dai ina ganin haddar sassan tsarin mulki kawai ba ta wadatar ba. A bar yara su zaɓi shugaban ajinsu, su ƙirga ƙuri'un a gaban kowa, wanda ya sha kaye kuma ya miƙa wa wanda ya yi nasara hannu, ko da idanunsa sun cika da ƙwalla.