Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaramar Jakar Lilin ta Manyan Kamfanoni, Me Ake Biya a Cikinta?

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan kaya iri ɗaya, wato ƙaramar jakar hannu mai buɗaɗɗen baki da ake ɗinkawa da yadin lilin, wadda manyan kamfanonin kayan ƙawa na Turai suke sayarwa da tsada. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar banki ce a Kaduna. Na ga ƙaramar jakar Woody ta kamfanin Chloé a hannun wata abokiyar aikina, ta kwanta mini a rai ƙwarai, amma da na ji kuɗinta sai jikina ya yi sanyi, tunda yadi ce ba fata ba. Me ya sa take da irin wannan tsada, kuma ta cancanci a saye ta?

Amsa: Hajiya, idonki bai yaudare ki ba, jakar tana da kyau, kuma ana iya faɗin inda kyan nata ya fito. Siffarta mai kusurwa huɗu ce, tana tsayawa da gindinta idan aka ajiye ta a kan tebur, launinta na asali kuma ruwan ƙasa ne mai haske wanda ba ya faɗa da kowace irin sutura, ko atamfa ko abaya ko leshi. Ba ta da tarkacen ƙarafa masu walƙiya, adonta bai wuce faffaɗan zare mai ɗauke da sunan kamfanin da 'yar siririyar fata da aka bi jikinta da ita ba. Sannan ba ta da nauyi, abin da duk matar da ta taɓa yini da jakar fata a kafaɗa daga safe har la'asar za ta san darajarsa.

Shi kansa lilin yadi ne mai asali. Ana samun zarensa ne daga karan wani tsiro da ake kira filaks, kuma mutanen Masar na zamanin Fir'auna da shi suke sutura, da shi kuma suke naɗe gawarwakin sarakunansu. A yau mafi yawan zaren da ake saƙa lilin mai kyau da shi yana fitowa ne daga gabar tekun yammacin Turai, daga yankin Normandi na arewacin Faransa zuwa Beljiyam da Holan, Faransa kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Ana shuka shi a watan Maris ko Afrilu, ya yi kimanin kwana 100 a gona, ya kai tsawon kusan mita ɗaya. Idan ya nuna ba a yanke shi, tumɓuke shi ake yi da saiwarsa domin kada a rage tsawon zaren, sai a shimfiɗa shi a gonar na wasu makonni, raɓa da ruwan sama da rana su ruɓar da abin da ya manne zaren da karan. Wanda ya san yadda ake jiƙa rama a kududdufi kafin a saɓule bawonta a tufka igiya ya riga ya fahimci hikimar. Wannan doguwar hanya ce ta sa lilin ya fi auduga tsada, yana kuma da ƙarfin da ya fi na auduga, tare da 'yan ƙulle-ƙullen nan da ake gani a jikin saƙar, waɗanda wasu ke ɗauka aibi ne alhali shaidar asali ce.

To amma gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan ɓoye miki ita ba: yadin da ke jikin wannan 'yar jaka bai kai yadi guda ba, kuma kuɗinsa ƙaramin kaso ne na farashin da ya haura dala 1,000 a shagunan kamfanin. Sauran kuɗin na suna ne, da zanen siffar, da ɗinkin da ake yi a Italiya, da tallace-tallace, da hayar manyan shaguna a Paris da Landan da Dubai. Chloé tsohon gida ne, wata 'yar asalin birnin Iskandariya na Masar mai suna Gaby Aghion ce ta kafa shi a Paris a 1952, yanzu kuma yana ƙarƙashin rukunin Richemont na ƙasar Suwizalan, wanda ya mallaki Cartier, kamfanin kayan ado da agogo. A 2021 ya samu shaidar B Corp, wadda ake ba kamfanonin da suka cika wasu sharuɗɗa na kula da muhalli da ma'aikata, kuma yawan amfani da lilin yana cikin wannan manufa, tunda noman filaks a Turai ruwan sama ya ishe shi ba sai an yi ban-ruwa ba. Duk wannan tarihi yana cikin abin da mai saye yake biya.

Saboda haka shawarata ta rataya ne a kan abu biyu. Idan kuɗin daga rarar albashinki ne, bayan an sauke duk wani nauyi, kuma kin tabbata za ki riƙa ɗaukarta zuwa aiki da unguwa ba ajiya za ki yi ba, to ki saya ki ji daɗinki, ba wanda zai ce kin yi wauta. Idan kuwa sai kin ci bashi ko kin karɓi kuɗin adashin da kika tanada domin wata hidima, ki haƙura. Kada kuma kowa ya ce miki ajiyar kuɗi ce. Jakunkunan da darajarsu ke tsayawa ko ƙaruwa 'yan kaɗan ne, irin Birkin da Kelly na Hermès, jakar yadi mai haske kuwa farashinta yana faɗuwa da zarar ta yi tabo ɗaya. Mai neman ajiya gwal ya fi mata.

Tambaya: Ina so in saya wa maiɗakina irin wannan jaka a matsayin tsaraba daga tafiya. Ƙarama zan ɗauka ko babba?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara danƙon zumunci. Ka duba abin da ta saba fita da shi. Ƙaramar tana ɗaukar waya da walat da makullai da tabarau da ɗan littafi da 'yar kwalbar turare, kuma irin ta Chloé tana zuwa da doguwar maɗauri da ake cirewa a mayar, wadda ke ba da damar ratayawa idan hannu ya cika. Ba za ta ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka ba, ba kuma za ta ɗauki kayan jariri ba, don haka idan tana goyo ko tana zuwa ofis da takardu, matsakaiciya ta fi. Ka kuma tuna cewa bakinta a buɗe yake ba zif, abin da bai dace da mai yawan shiga cunkoson kasuwa ko hawa motar haya ba, sai dai idan za ta sa wata 'yar jaka mai zif a ciki.

Tambaya: An kawo mini jakar lilin mai haske a cikin lefe, ina zaune a Kano. Ina tsoron ƙurar hunturu da danshin damina su lalata ta. Yaya zan kula da ita?

Amsa: Amarya, Allah ya sa albarka, kuma tsoronki yana kan hanya, domin an tsara waɗannan jakunkuna ne da yanayin da ba namu ba. Ƙurar hunturu jajaja ce kuma laushi gare ta, tana shigewa tsakanin zaren saƙar ta zauna. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga ƙura a ɗauko jiƙaƙƙen tsumma, nan take ƙurar ta zama laka ta kama yadin. Abin da ya dace shi ne ki bar ta a bushe, ki kaɗe ta, sannan ki bi ta da burushi mai laushi ta fuska ɗaya, musamman a kusurwoyin gindi da wurin da hannu yake kamawa. Idan tabo ya samu, ki sa ɗan sabulu marar ƙarfi a ruwa mai sanyi, ki tsoma farin ƙyalle ki matse, ki riƙa dannawa a kan tabon a hankali ba tare da gurzawa ba, kuma ki fara gwadawa a wani lungu da ba a gani. Kada ki sa bilic, kada ki jefa ta cikin injin wanki, kada ki tsoma ta gaba ɗaya a bokiti, saboda fatar da ke jikinta za ta iya zubar da launi a kan yadin, siffar kuma ta karye.

Akwai abubuwan da suka fi ƙura haɗari, kuma namu ne na yau da kullum. Na farko shi ne rini: sabuwar shadda mai duhu ko rinin baba ko baƙar abaya da ba a wanke ba, idan jakar tana gogar su a rana mai zafi ana gumi, launin yana komawa jikinta, fitar da shi kuwa aiki ne mai wuya. Na biyu shi ne maiƙo, wato kwalbar humra da ba ta rufu sosai ba, ko jan-baki da ya narke a mota, ko man shafawa da ke tafin hannu. Idan maiƙo ya zuba, ki barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai a wurin, ki bar shi ya kwana ya tsotse, sannan ki kaɗe. Sabon lalle ma a bari ya bushe sarai kafin a kama hannun jakar.

Da damina kuwa abin gudu shi ne fumfuna, domin lilin yana shan danshi. Kada ki ƙulle ta a leda. Ki cusa mata farar takarda marar rubutu domin ta riƙe siffarta, jarida tana barin tawada, ki sa ta cikin jakar yadin da ta zo da ita, ki ajiye inda iska ke ratsawa. Idan ruwa ya taɓa ta, ta bushe a inuwa. 'Yar yamutsewar da za ki gani a jikinta bayan an sha amfani da ita ɗabi'ar lilin ce, zarensa ba ya miƙewa ya koma kamar roba, kuma yana ƙara laushi ne da tsufa.

Tambaya: Wata mai sayar da kaya a Instagram tana tallar irin wannan jaka a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na farashinta ba, ta ce ragowar kamfani ce. In saya?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan jabu ce. Manyan gidajen nan ba sa sakin kayansu ta bayan gida a wannan farashi, kuma jakar yadi mai sauƙin siffa tana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, domin ba ta buƙatar gwanintar aikin fata. Sau da yawa ma yadin ba lilin ba ne, roba ce aka saƙa ta yi kama da shi. Lilin na gaske yana da sanyi a tafin hannu, idan kin damƙe shi kin saki sai ya bar alamar yamutsa, ɗigon ruwa kuma yana shigewa cikinsa da sauri. Idan aka ƙona zare ɗaya, na tsiro yana ƙamshin ƙonanniyar takarda ya bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule, sai dai wannan gwaji ba ya bambanta lilin da auduga.

Idan sunan kike so da gaske amma sabuwa ta fi ƙarfinki, akwai shagunan intanet da ke sayar da na hannu bayan sun tantance su, irin Vestiaire Collective na Faransa da The RealReal na Amurka, sai ki haɗa lissafin kuɗin aikowa da na kwastan da canjin dala kafin ki yanke shawara. Ki nemi hotunan kusurwoyin gindi da na cikin jakar, domin a nan tsufa yake fara bayyana.

Idan kuwa siffar da sauƙin ɗauka ne suka burge ki, hanyar da na fi so ita ce ki sa a ɗinka miki taki ba tare da sunan kowa ba. Ki nemi lilin mai kauri, ba irin na riga ba, ki wanke shi kafin a yanka domin yana ɗan tsukewa a wankin farko. Fata kuwa ba sai an je nesa ba, tunda majemun Kano sun daɗe suna aika fatun awaki da tumaki zuwa Italiya da Sifen. Ki kai wa dukawa ko telan da ya iya jaka, ki ce a sa mata shafi mai ƙarfi a ciki da abin tauri a gindi domin ta tsaya, a ninka ɗinkin inda hannu ya haɗu da jiki, sannan a ƙara aljihu mai zif a ciki na waya da kuɗi.