Likita ya ce in yi haƙuri kawai

'Yar'uwa, kin ce tun bayan haihuwa sha'awa ta ɗauke miki, saduwa na yi miki zafi, likita kuma ya ce ki yi haƙuri. Wallahi wannan ba amsa ba ce. Da maigida ne ya kai kukan raunin mazakuta, da magani zai dawo.

A Amurka ma an amince da Viagra, maganin raunin mazakuta, tun 1998, amma Addyi, maganin ƙarancin sha'awar mata na farko, sai 2015. Irin wannan sakacin ke tura matanmu wajen masu kayan mata.

Shayarwa na rage istirojin, wato sinadarin jikin mace da ke sa gaba ya yi danshi, sai gaba ya bushe, kuma yana da magani. Ki nemi likitan mata, a duba ɗinki da ciwon sanyi, ki faɗi komai ba kunya.