Tambaya da Amsa: An Rubuta Sunan Inna, Amma Tallafi Shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun bara aka rubuta sunan mahaifiyata a rajistar masu ƙaramin ƙarfi, har yau ko sisi ba ta gani ba, alhali maƙwabtanmu sun samu. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Kumo, Jihar Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Shiga rajista daban, shiga jerin waɗanda za a biya daban. Mutanen unguwa ne ke zama su fitar da gidajen da suka fi talauci, ma'aikata su bi gida-gida su ɗauki bayanai, ofishin SOCU, mai kula da rajistar a jiha, ya tura Abuja. Daga nan kowane shiri ke tsamo nasa, gwargwadon kuɗin da ke ƙasa.

A da tallafin gwamnatin tarayya naira 5,000 ce a wata, a haɗa na wata biyu a danƙa wa uwar gida a hannu. Shirin da aka ƙaddamar a Oktoban 2023 kuwa, naira 25,000 sau uku, ta asusu yake biya, kuma sai an tantance NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. A nan akasari ake maƙalewa. Rajista ta ce Hauwa, banki ya ce Kulu, ko shekarar haihuwa ta saɓa. Kwamfuta ba ta san laƙabi ba, sai ta tsallake sunan. Wani lokacin layin da aka bayar na ɗa ne ko na jika, saƙon ya shiga can, shi kuma ya yi gum. Asusun da ya daɗe ba a taɓa shi ba ma banki kan dakatar da shi.

Ki ɗauki layin da Inna ta yi rajistar NIN da BVN (lambar shaidar banki) da shi, ki danna *346# ki ga NIN, *565*0# ki ga BVN (ana cirar ɗan kuɗi a katin waya). Ku je banki da takardar NIN a gwada sunayen harafi da harafi. In sun dace, ku nufi sakatariyar ƙaramar hukumar Akko, ku nemi jami'in karɓar ƙorafi na shirin, a rubuta koken a gabanku.

Shiga rajista kyauta ce. Duk wanda ya ce a kawo "na fom", ko ya turo saƙo a WhatsApp yana neman BVN, ɗan damfara ne. In kuɗin ya shigo, kada Inna ta karanta wa mai POS lambar sirrinta. Ta danna da kanta, ko ke ki raka ta.