Ministan ya sauka, ko dai ya sauka?

Ɗana, ka tambayi dalilin da ya sa na ja layi a ƙarƙashin jimlarka, "Shugaba ya ce ministan ya sauka", alhali babu kuskuren nahawu a ciki. Gaskiyarka, nahawu lafiya lau. To amma gaya mini, ministan ya riga ya sauka ne, ko umarni aka ba shi?

Kai ka san amsa, domin kana rubutu kana jin muryarka a ranka. In ka ja "ya" ɗin nan ka ɗaga murya, abu ya riga ya faru. In ka gajarta shi ka sauke murya, umarni ne. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ƙamus irin na Bargery na 1934 yana sa alamomi, jarida kuwa ba ta sawa, haruffa biyu kawai mai karatu ke gani. Ga ita kanta "sauka": daga muƙami ne, ko daga jirgi? Magana ɗaya ta rabu gida huɗu, kuma a kanun labari kuskure irin wannan yana iya tayar da ƙura.

Gyaran ba wuya. Ko dai "Shugaba ya umarci ministan da ya ajiye muƙaminsa", ko "Shugaba ya tabbatar ministan ya riga ya ajiye muƙaminsa". Ta yi ɗan tsawo, na sani. Na yarda da tsawon.

Haka "an raba gadon marigayi". Tsawon wasali da karin sauti ne kaɗai suka bambanta abin kwanciya da dukiyar magada, sai ka rubuta "dukiyar da marigayi ya bari". Inda ba ka da kalmar musanya, sa abin da zai haska ma'anar ya riga kalmar zuwa, kada mai karatu ya yi nisa sannan ya dawo baya. Kada kuma ka yi sakaci da ƙugiya: "baki" daban, "baƙi" daban.

Karantawa a bayyane ba za ta kama maka wannan ba, domin bakinka zai saka sautin da kake nufi da kansa. Miƙa wa wanda bai san labarin ba, ka ce ya faɗa maka abin da ya fahimta. Inda ya yi jim ya sake duba layin, nan za ka sa alƙalami.