Awon Ƙugu da Kitsen Jiki: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, nauyina kilo 80 ne, tsayina kuma mita 1.70. Shin ina da ƙiba?

Amsa: Malam, lissafin da aka fi sani shi ne BMI, wato a ninka tsayi da kansa, sannan a raba nauyi da abin da ya fito, kuma naka ya kama 27.7. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce. Sai dai lissafin ba ya bambance tsoka da kitse, don haka mai aikin ƙarfi yakan haura 25 alhali jikinsa a murɗe yake.

Tambaya: Ni siririya ce, amma teɓa ta fito mini. Akwai abin damuwa?

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ta fi damuna a kan abin da sikeli ya nuna, domin kitsen da ke taruwa a kewayen hanta da hanji shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Ki samu tef ɗin awo, ki tsaya a miƙe, ki laluba tsakanin haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef ɗin a nan bayan kin fitar da numfashi, ba tare da kin shanye ciki ko kin matse fata ba. Haɗari yana ƙaruwa daga santimita 80 ga mace, 94 ga namiji, yana kuma tsananta idan aka wuce 88 da 102. Idan babu tef, ki yanki igiya daidai tsayinki, ki ninka ta biyu, ki ɗaura a ƙugu. Muddin bakunanta ba su haɗu ba, ƙugunki ya zarce rabin tsayinki, kuma ya kamata a duba miki suga da jini. Mai juna biyu dai ba ta cikin wannan awo.

Tambaya: Na ji ana haɗawa da awon wuya. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne. Hanya ce ta sojojin ruwan Amurka, wadda ke haɗa awon wuya da ƙugu da tsayi, ga mace a ƙara da mazaunai, don fitar da kason kitse cikin ɗari. Kiyasi ne da kan ɗan kauce sama ko ƙasa, saboda haka a riƙa maimaita shi wata-wata da safe kafin a ci abinci, a lura da inda ya dosa.